Ɗaki Marar Ƙura a Ƙasar Hunturu: Wane Iri Ne Ya Dace da Jigawa?

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a Haɗeja ya san yadda ƙura take shiga ɗaki ba sallama. Ka goge tebur da asuba, kafin azahar kana iya rubuta sunanka a kansa da yatsa. Mai yawa daga cikin wannan farar ƙura daga nesa take tasowa, daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe, wanda masana ke lissafa shi cikin wuraren da suka fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Mu da muka girma a cikinta mun saba: a shafa mai a leɓe, a rufe tulu, a jira bazara.

Akwai wani irin ɗaki a manyan jami'o'in duniya da ƙwayar ƙura guda take iya lalata aikin mako ɗaya a cikinsa. A nan ne ɗalibai ke koyon ƙera abubuwan da ido ba ya gani, irin waɗanda aka gina ƙwaƙwalwar wayar salula da ta kwamfuta da su. Jami'o'in Jigawa duk sababbi ne. An kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, ta jiha da ke Kafin Hausa, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Sule Lamiɗo, a 2013, sai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Ɓaɓura a 2021. Ko ba jima ko ba daɗe, maganar gina irin wannan ɗaki za ta taso a wata majalisar jami'a ko a ofishin wani kwamishina. Kafin ranar ta zo, ga ra'ayina: Jigawa na buƙatar ɗaki marar ƙura, amma ƙarami, guda ɗaya tak, na tarayya tsakanin makarantunta, wanda aka tanadi kuɗin tafiyar da shi tun kafin a haƙa tushensa, kuma wanda tambayoyin kwarin Haɗeja za su zama jagoran aikinsa.

Mene ne ɗaki marar ƙura?

Sai mun fara da ma'auni. Raba milimita ɗaya gida dubu, kowane kashi shi ne maikiron. Kaurin gashin ɗan'adam yana kaiwa tsakanin maikiron 50 zuwa 100. Sake raba maikiron ɗin gida dubu, ka sami nanomita. Ƙere-ƙeren nano shi ne zana siffofi da gina su a wannan ƙanƙanta. Idan layin da kake zanawa faɗinsa maikiron ɗaya ne, ƙwayar ƙurar da ta sauka a kansa tamkar dutse ce da ya tare hanya.

Ɗakin zamani na farko irin wannan wani Ba'amurke masanin kimiyyar lissafi da ƙarfi mai suna Willis Whitfield ne ya tsara shi a 1960, a cibiyar bincike ta Sandia. Dabararsa mai sauƙin fahimta ce. Maimakon a riƙa shara bayan ƙura ta sauka, sai a sa tatacciyar iska ta riƙa kwarara ta fuska ɗaya ba tsayawa, tana kwashe duk abin da ke yawo kafin ya zauna. Matatar iskar da ake amfani da ita, mai suna HEPA, tana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin da girmansu ya kai maikiron 0.3. Ana kuma sa ƙarfin iskar cikin ɗakin ya ɗara na waje, ta yadda in an buɗe ƙofa iska fita za ta yi.

Akwai ƙa'idar duniya, ISO 14644, da ta rarraba waɗannan ɗakuna aji-aji. Ka ɗauki akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi. A ɗaki irin na kowa, iskar da ke cikin akwatin tana ɗauke da ƙwayoyi kimanin miliyan 35 masu girman rabin maikiron ko fiye. A ɗaki mai aji na 7, ba a yarda su wuce 352,000 ba. A aji na 5, iyakarsu 3,520. Babban mai kawo datti kuwa shi ne mutum da kansa, da ɓawon fatarsa da gashinsa da zaren rigarsa, shi ya sa ma'aikata ke shiga lulluɓe tun daga kai har ƙafa.

Aikin da ake yi a ciki, mai karatu da ya san marinar Ƙofar Mata a Kano ba zai sha wahalar gane shi ba. Marini yakan ɗaure wasu sassan ƙyalle domin kada baba ya taɓa su. In aka kwance, sai zane ya bayyana. Haka ake yi wa faifan silikon. A shafe shi da wani sinadari mai jin haske, a ɗora masa abin rufi mai ɗauke da zane, a haska shi, a wanke. Inda haske ya taɓa ya bambanta da inda bai taɓa ba, daga nan sai a zaizaye wani sashe ko a ɗora ƙarfe siriri a wani. A maimaita haka sau da yawa, hawa bisa hawa, har na'ura ta fito. Saboda sinadarin yana jin shuɗin haske da wanda ya fi shi kaifi, fitilun wannan sashe rawaya ne.

Kuɗin da ba a gani ranar yanke kintinkiri

A aikina na jarida na taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a, inda aka nuna mini wata na'ura mai tsadar gaske lulluɓe da leda. Malamin da ke zagayawa da ni ya ce tun da wani ƙaramin sashenta ya ƙone sakamakon wuta mai ƙarfi da aka kawo, ba ta sake tashi ba, kuma injiniyan da zai iya gyaranta sai an ɗauko shi daga ƙasar waje. Na shafa ledar, yatsana ya fito fari fat. Wannan na'ura guda ce, kuma tana iya jiran gyara. Ɗaki marar ƙura ba ya jira. Da zarar fankokinsa sun tsaya, ya soma komawa ɗaki irin na kowa, kuma maido da shi yana cin lokaci da kuɗi.

Abu na farko ke nan, wutar lantarki dare da rana, har ranar Sallah. Dole a riƙe zafin ɗakin kusa da digiri 21, a yankin da zafin watan Afrilu ke haura 40. Dole a daidaita laimar iska, a wurin da hunturu ke busar da komai ƙayau, damina kuma ta jiƙe shi. Ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe kwanaki a cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. A Afrilun wannan shekarar kuma aka ninka kuɗin wutar masu rukunin A fiye da sau uku, har jami'o'i da dama suka fito suna kokawa. Duk wanda ya kawo takardar neman gina ɗaki marar ƙura ba tare da shafin da ya bayyana inda wutarsa za ta fito ba, bai gama rubutu ba.

Na biyu shi ne ruwa da sinadarai. Ruwan da ake wanke silikon da shi sai an tace shi har ya kusa daina ɗaukar lantarki. Cikin sinadaran aiki akwai ruwan asid mai narkar da gilashi, wanda in ya taɓa fata yakan ratsa ciki ya yi mummunar illa tun kafin mutum ya ji zafi sosai. Inda za a zubar da ragowarsa tambaya ce babba a ko'ina, balle a ƙasar fadama inda ruwan ƙasa ke kusa, jama'a kuma suna sha daga rijiya da tuƙa-tuƙa.

Na uku, kuma mafi wuya, shi ne mutane. Ɗakin yana rayuwa ne a hannun ma'aikatan fasaha, masu canza matata, masu gyaran famfon zuƙe iska, masu horar da kowane sabon ɗalibi kafin a ba shi izinin shiga. A tsarinmu, irin waɗannan ma'aikata suna can ƙasan tsani, ba a tura su ƙaro ilimi kamar malamai, kuma da zarar ɗaya ya ƙware sai wani wuri ya ɗauke shi. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, an fi saninsa da gine-gine da sayen kayan aiki da ɗaukar nauyin karatun malamai. Albashi da man janareta da kuɗin matata suna kan wuyan mai jami'ar. A wannan tsakanin ne na'urori ke mutuwa.

Domin a gane girman lamarin, ginin MIT.nano da jami'ar MIT ta Amurka ta buɗe a 2018 ya ci kimanin dala miliyan 400. Ba wannan nake nema wa Jigawa ba, kuma duk wanda ya zo da hotonsa yana cewa mu ma za mu yi, a tambaye shi wa zai biya kuɗin wutar shekara ta biyu.

Me kwarin Haɗeja zai yi da shi?

Ga wani abin da masu tallan fasaha ba su cika faɗa ba: yawancin na'urorin da za su amfani manomi da masunci ba sa buƙatar ƙanƙantar da manyan masana'antun Taiwan ke gasa a kanta. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Intel 4004, wadda ta fito a 1971 da transisto kusan 2,300, an zana ta ne da layuka masu faɗin maikiron 10. Ƙaramin ɗakin koyarwa a yau yana iya kaiwa wannan mataki. Ƙwayar jinin mutum faɗinta maikiron 7 zuwa 8 ne, ƙwan tsutsar da ke haddasa tsargiya kuwa ya haura maikiron 100. Matsalolinmu suna cikin girman da ƙaramin ɗaki zai iya tunkara.

Dubi kogin kansa. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin kwararar ruwan Haɗeja ya sauya. Ruwan da a da yakan cika ya janye, yanzu yana tafiya duk shekara, abin da ya ba ciyawar kacala damar toshe magudanai daga yankin Haɗeja har zuwa Nguru. Wasu gonaki sun nutse, wasu sun rasa ruwa. Ambaliyar 2022 ta ci rayuka da gidaje da gonaki a Ringim da Miga da Auyo da Kafin Hausa da sauran garuruwan bakin kogi. Sarrafa irin wannan ruwa yana buƙatar ma'aunai masu yawa, masu arha, da za a dasa a wurare da dama suna aiko da bayani.

Dubi kuma ƙasar noma. Aikin noman rani na kwarin Haɗeja da ke Auyo, wanda aka ƙaddamar da gyaransa a farkon 2023, ya faɗaɗa noman shinkafa da alkama. Duk inda ake ban ruwa shekara da shekaru a ƙasa mai zafi, akwai barazanar gishiri da kanwa su taru a ƙasa. Ma'aunin gishirin ƙasa ba wani abin al'ajabi ba ne: siraran layukan ƙarfe ne da aka zana kamar haƙoran mataji biyu da suka shiga juna, suna auna yadda lantarki ke ratsa laimar ƙasa. Ɗalibin aji uku zai iya ƙera shi a ɗaki mai aji na 7.

Sannan ruwan da ke isowa Haɗeja ya biyo ta Kano, inda aka daɗe ana bincike kan dagwalon masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da sinadarin kuromiyam da ke cikinsa. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400, ya koya mana tsadar rashin gwaji da wuri. Gwajin ƙarfe mai guba a ruwa da 'yar na'urar da ta yi girman katin waya fage ne da ake ta bincike a kansa a duniya. Kuma mai karatu ya riga ya taɓa riƙe fasahar nano a hannunsa: jan layin da ke fitowa a yawancin katunan gwajin zazzaɓin cizon sauro ƙananan ƙwayoyin zinare ne masu girman 'yan nanomitoci.

Har ɓuntun shinkafar da ke tule a bayan injinan casa yana da abin faɗa. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ne, kuma mafi yawan tokar sinadarin silika ne, wanda masu bincike ke tacewa su sami ƙwayoyi ƙanana da ake amfani da su wajen tace ruwa da ƙarfafa siminti. Wannan aiki ma ba ya buƙatar ɗaki marar ƙura a matakin farko.

Darasi daga Indiya

A 2008 gwamnatin Indiya ta soma wani shiri mai suna INUP. Maimakon ta rarraba kuɗi kowace jami'a ta gina nata, sai ta ƙarfafa cibiyoyi biyu, Cibiyar Kimiyya ta Indiya da ke Bangalo da Cibiyar Fasaha ta Indiya da ke Bombai, ta kuma buɗe ƙofofinsu ga malamai da ɗaliban sauran makarantu. Mutum ya zo daga ƙaramar kwaleji da tsarin bincikensa, a horar da shi, ya ƙera abinsa, ya koma gida da shi. Amurka ma, duk da arzikinta, a 2015 ta haɗa cibiyoyi 16 na jami'o'i a ƙarƙashin tsari ɗaya domin masu bincike daga waje su riƙa amfani da su. In masu hali sun yarda cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ban ga dalilin da zai sa kowace jami'armu ta nace sai ta mallaki nata ba.

Hujjar masu cewa a bari

Akwai masu cewa wannan magana duk almubazzaranci ce. Jiha ce da ke da ɗimbin yaran da ba sa zuwa makaranta, da sakandaren da ba ta da ko madubin duba ƙwayoyin cuta, da asibitin da ke neman likita. Ina ita ina nano? Ba na raina wannan hujja, domin rabinta gaskiya ne. In zaɓin ya kasance tsakanin katafaren gini na alfahari da gyaran ɗakunan kimiyya na sakandare, ni ma sakandare zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba.

Sauran rabin ne ban yarda da shi ba. Jami'o'in nan sun riga sun buɗe sassan kimiyya, suna yaye ɗalibai kowace shekara, da yawansu sun haddace yadda transisto ke aiki ba tare da sun taɓa ganin faifan silikon ba. Kuɗin karatunsu an riga an kashe. Abin da ya rage shi ne ko za su fita da hannu mai iya aiki ko da takarda kawai. Ɗalibin da ya koyi ladabin ɗaki marar ƙura, wato bin mataki daki-daki, rubuta duk abin da ya yi, mutunta sinadari, da gano inda kuskure ya shigo, yana da amfani a masana'antar magunguna da ta sarrafa abinci da ta haɗa faifan sola, ko da bai sake taɓa silikon ba har abada. Riɗi da zoɓon da ake tarawa a kasuwar Maigatari domin fitarwa waje su ma sai sun tsallake gwajin inganci, kuma masu wannan tarbiyya ne ke yin sa.

Abin da nake ba da shawara

Mataki na farko ba ya buƙatar bulo ko ɗaya. Tun 2020, lokacin da kamfanonin Google da SkyWater suka buɗe wa kowa ƙa'idojin zanen wata fasaharsu mai nanomita 130, ɗalibi mai kwamfuta da intanet yana iya zana ƙwaƙwalwar na'ura da manhajojin kyauta, a aika zanen waje a ƙera. Haka nan na'urorin gwaji na takarda, waɗanda ƙungiyar George Whitesides ta jami'ar Harvard ta bayyana a 2007, ana iya yin su a kan teburi mai tsabta. Jami'ar Kafin Hausa da Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja za su iya somawa da waɗannan a zangon karatu mai zuwa.

Mataki na biyu shi ne ɗakin koyarwa guda ɗaya mai aji na 7, da 'yan teburan aiki masu tatacciyar iska a ciki domin aikin da ya fi laushi. A gina shi a kan tudu, nesa da ambaliya, kuma Dutse ta fi dacewa da wannan sharaɗi. Ya kasance yana da nasa wutar sola da batura. Tashar sola mai megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero a 2019 ta nuna cewa hakan mai yiwuwa ne a jami'ar Arewa. A rubuta a yarjejeniya cewa ɗalibin Kafin Hausa da na Ɓaɓura da na Kazaure da na Haɗeja suna da haƙƙin lokaci daidai da na mai masaukin, kada mabuɗi ya zama mallakin aljihun farfesa ɗaya.

Mataki na uku sharaɗi ne: kada a aza tubali sai an ware kuɗin tafiyarwa na shekara goma, an ɗauki ma'aikatan fasaha, an tura su horo tun gini bai tashi ba, an kuma ba su albashin da zai riƙe su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu, a mai da kwarin Haɗeja filin gwaji. Duk abin da aka ƙera a Dutse a kai shi gonar Auyo, da bakin ruwan Guri, da asibitin Kirikasamma, a ga ko zai jure zafi da laka da hannun manomi. A sa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ƙungiyoyin manoma cikin masu zaɓen tambayoyin bincike. Babban ɗaki mai aji na 5 da manyan na'urorinsa kuwa nauyi ne na jihohin Arewa maso Yamma baki ɗaya tare da gwamnatin tarayya, kuma lokacinsa zai zo ne bayan ƙaramin ya tabbatar da kansa.

Ranar buɗewa kowa zai zo, za a yi jawabi, za a ɗauki hoto cikin farar riga. Ni dai na yi niyyar komawa bayan shekara biyar, a tsakiyar Janairu, lokacin da hazo ya rufe gari har ba a ganin rana sosai. Zan nemi a nuna mini littafin da ake rubuta adadin ƙurar ɗakin kowace safiya, in duba ko akwai shafin da aka tsallake, sannan in tambayi ɗaliba nawa daga Kafin Hausa suka shiga a wannan makon.